Azumin Yara a Makarantun Katolika na Nijeriya ta Arewa

Ranar Talata, 12 ga watan Fabrairu na shekarar 1907, waɗansu limaman Katolika su uku, Fada Oswald Waller da Fada Ernest Belin da Fada Joseph Mouren, suka sauka Shendam, a ƙasar Goemai waɗanda Hausawa ke kira Ankwai. 'Yan ƙungiyar SMA ne, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa cikin 1856. Wanda ya ɗauko lissafin kwanakin Ikilisiya na wannan shekara zai ga wani abin da masu ba da labarin zuwan nan ba su cika lura da shi ba. Ista ta faɗo ran 31 ga Maris, watau kashegarin saukarsu ita ce Larabar Toka, ranar da a ke ɗaukar azumin kwana arba'in. A ran nan babu makaranta a garin, balle 'yan makarantar da za a shafa wa toka a goshi. Bayan shekara hamsin kuwa, in wannan Laraba ta zagayo, sai a ga yara sun yi sahu a bakin makarantun mishan, daga ƙasar Filato har kudancin Lardin Zazzau da Adamawa, malaminsu na gaba yana ja musu addu'a. Abin da a ke so a bincika a nan shi ne abin da aka nema daga yaran nan a cikin kwanakin, da wanda ya bi da su, da harshen da aka yi abin da shi.

Tilas a ɗan koma baya, domin azumin nan tun asalinsa yana da kama da zangon karatu. Taron manyan Ikilisiya da aka yi a Nikiya cikin 325 ya ambaci kwana arba'in ɗin kamar abin da kowa ya riga ya sani. A zamanin nan yawancin masu shiga addinin manya ne, kuma a daren Ista a ke yi musu baftisma, saboda haka makonnin da ke gaba da Ista su ne na koya musu abin da za su gaskata. Har yanzu akwai darussan da Siril na Urushalima ya yi wa irin waɗannan mutane wajen shekarar 350. Wata mace mai ziyara, Egeriya, wadda ta zauna Urushalima wajen 381 zuwa 384, ta rubuta cewa kowace safiya bishop kan zauna da su sa'a uku yana bi da su cikin littattafai daga farko. Da Turai ta zama ƙasar Kirista, aka koma yi wa jarirai baftisma, sai wannan karatu ya mutu, aka bar tuba da ƙin abinci kaɗai. Toka ma da can ta masu babban zunubi ce waɗanda ke tuba a bainar jama'a, sai a 1091 Paparoma Urban na Biyu ya umarta a shafa wa kowa. Lissafin kwanakin kuwa ga yadda ya ke: mako shida ne, ba a ƙirga Lahadi, ya zama kwana 36, aka ƙara huɗu daga Laraba don su cika arba'in, gwargwadon kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji.

To, a wannan siffa ta biyu ce azumin ya iso Arewa, kuma dokarsa a rubuce ta ke. Kundin dokokin Ikilisiya na 1917 ya raba abin gida biyu. Na farko rage abinci: a ci a ƙoshi sau ɗaya a yini, a ɗan taɓa kaɗan da safe da maraice, ruwa kuwa ba ya karya shi. Wannan yana kan wanda ya cika shekara 21 har ya shiga ta sittin. Na biyu barin nama a ranakun da aka ƙayyade, musamman Jumma'a, wannan kuwa yana hawa kan yaro da zarar ya cika shekara bakwai. Ashe ke nan ɗan firamare ba shi da azumin abinci ko na yini guda a wuyansa. Abin da ya rage masa barin nama ne, shi kuwa a ƙauyen Filato ko na kudancin Zazzau abin murmushi ne, gama yaron da ba ya ganin nama sai ran biki ko in an dawo farauta, me aka hana shi? Ga shi kuma kwanakin suna faɗowa daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, sa'ad da rijiyoyi ke ƙafewa, rumbu ya fara nuna gindi, sanƙarau yana yawo, iyaye suna neman yara su taya sharar gona. An tsara dokar ne a ƙasar da a ke yanka alade a ajiye, a ci cuku da man shanu. Da ta zo inda yunwa ke zuwa da kanta ba gayya, sai nauyin kwanakin ya koma kan addu'a da karatu.

Wanda ya ɗauki nauyin nan malamin ƙauye ne. Su Fada kaɗan ne ƙwarai. Gwamnatin Turawa, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna a 1903 na ba za a taɓa addininsu ba, ta tsare mishan daga cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sai aikin Katolika ya rabu biyu. Akwai na Sabon Gari, a Kano da Zariya da Kaduna da sauran garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, inda jama'ar 'yan Kudu ne, a ke yi da Ingilishi da harshen Ibo. Akwai kuma na ƙauyukan kabilun da ba su musulunta ba. A 1934 Roma ta raba Arewa yanki biyu, na Kaduna da na Jos, duka a hannun 'yan SMA na ƙasar Ailan, kuma Fada guda kan riƙe ƙauyuka masu yawa, yana zagaya su a kan keke ko a ƙasa, wani ƙauyen ba ya ganinsa sai bayan watanni. Ƙauye kuwa ba ya samun makarantar da gwamnati ta yarda da ita farat ɗaya. Akan fara da abin da a ke kira ajin koyar da addini, rumfa ce ko ɗakin jinka, a yi karatu cikinta ran Litinin, a yi sujada cikinta ran Lahadi. Malamin ajin shi ne katikis, shi ne mai buga ƙararrawa (sau da yawa guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon wilin mota a rataye a itace), shi ne mai jan addu'a, iliminsa kuwa watakila bai wuce aji huɗu ko shida ba.

Tsarin yinin ba a Arewa aka ƙago shi ba, na makarantun Katolika ne ko'ina a zamanin. Da safe a yi alamar gicciye, a miƙa wa Allah aikin yini, a yi addu'ar Ubangiji da gaisuwar Maryamu, sa'an nan a shiga katikizim, malam na tambaya yara na amsawa baki ɗaya har ya zauna a ka. Da tsakar rana ƙararrawa ta tsai da kowa don tunawa da saƙon da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Abin da azumi ya ƙara a kan wannan abu uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akan ce wa yaro ya zaɓi wani abin da ya ke so ya bari, ko wani aikin da ba ya so ya yi, domin Allah. Akan tara 'yan kuɗi, anini ko kwabo, sau da yawa da sunan ƙungiyar nan ta yara wadda Bishop Forbin-Janson na Nansi ya kafa a Faransa cikin 1843, wadda ƙa'idarta ita ce addu'a guda kowace rana da ɗan kuɗi kowane wata don taimakon yaran wata ƙasa. Abin lura ne a ce yaran da a ke tara wa kuɗi a Turai su ma an sa su tara wa waɗansu. Na uku, wanda ya fi sauran zama a zukata, shi ne Hanyar Gicciye ta ranar Jumma'a.

Wannan ibada ta cancanci a tsaya a kanta. 'Yan ɗarikar Faransis, masu tsaron wurare masu tsarki a Urushalima, su ne suka yaɗa ta don wanda ba shi da halin zuwa can ya bi sawun Yesu a garinsu. Yawan zangunan ya daɗe yana bambanta, sai a 1731 Paparoma Kilemen na Goma Sha Biyu ya tsai da su goma sha huɗu, daga yanke hukunci a gaban Bilatus har sa gawa a kabari. A kowane zango akan tsaya gaban hoto ko ɗan gicciyen itace, a durƙusa, a faɗi abin da ya faru, a yi ɗan tunani a kansa, a yi addu'a, a yi waƙa a wuce gaba. Dubi yadda wannan ya dace da yaro, ya kuma dace da ƙauyen da ba Fada. Labari ne mai farko da ƙarshe, akwai faɗuwa sau uku, akwai uwa a bakin hanya, akwai baƙon da aka tilasta wa ɗaukar kaya, shi kuwa Siman Bakurane mutumin Afirka ta Arewa ne. Ana tafiya, ana durƙusawa, ana tashi, ba zaman wuri ɗaya ba. Ba ta bukatar limami, malam ya isa. Abin da ya fi duka kuwa, tun da ba ta cikin ibadun da doka ta ɗaure da harshen Latin, ana iya yin ta da harshen da mutane ke ji.

A nan ne maganar ta shafi masu nazarin Hausa. Har bayan 1963 da Latin a ke yin Mas, yaro na jin sautin ba ya jin ma'anar. Katikizim da rosari da Hanyar Gicciye su ne inda Katolikan Arewa suka fara magana da Allah da Hausa, kuma yaran nan yawancinsu Hausa ba harshen uwa ba ne gare su. Ɗan Goemai ko Birom ko Angas ko Kaje yana jin ta a kasuwa, amma a makaranta ya fara furta ta a kan zunubi da gafara. Kalmomin da ya samu a shirye kuwa Musulunci ne ya riga ya yi musu gida: addu'a, tuba, zunubi, sadaka, mala'ika, Aljanna, Almasihu. 'Yan mishan na Furotesta da suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun sha wannan wahala ta zaɓe tun gabanin haka. An ɗauki waɗansu kalmomi, an kauce wa waɗansu. Ba a kira ibadar Kirista salla ba, an ce addu'a ko sujada, kuma an ce Yesu inda Musulmi ke cewa Annabi Isa. Amma azumi ba ta da madadi. Latin tana kiran lokacin da sunan lissafinsa, watau arba'in, Ingilishi kuma da wata tsohuwar kalma mai nufin lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan sanyi. Hausa ta ba shi sunan aikin da kansa, kalmar da tushenta Larabci ne, wadda masana harshe ke ganin ta bakin Barbar da Abzinawa ta ratso Sahara. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, aron ya bi ta ɗaya gefen, don a can Musulmi kan kira watan Ramalan da kalmar Faransanci ta azumin Kirista.

Kalma kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, da kayanta ta ke tafe. A kunnen duk mai jin Hausa, azumi shi ne kame baki daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, ko ɗigon ruwa babu. Yaron da aka gaya wa yana cikin azumi, alhali ya sha kunu da safe ya kuma sha ruwa da rana, dole ya ji abin bai cika sunansa ba, musamman in maƙwabcinsa Musulmi, tsaransa, yana gwada rabin yini yana alfahari. Shekarun da ke kewaye da samun mulkin kai sun sa wannan gwaji a fili, domin azumin biyu sun haɗu. A 1960 Ramalan ya kama a ƙarshen Fabrairu, Larabar Toka ta zo ran 2 ga Maris. A 1961 Larabar Toka ta faɗo ran 15 ga Fabrairu, aka ga watan Ramalan bayan kwana biyu ko uku. Malamin da ke gaban aji a garin da jama'a ta gauraya sai ya sami kansa yana bayanin abin da littafinsa na Ailan bai tanada ba, watau me ya sa wannan ma azumi ne. Ba abin mamaki ba ne da a ke samun Kiristan Arewa da yawa, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, suna kame baki daga safe har yamma, sun wuce abin da dokar Roma ta nema nesa. Ma'anar da kalmar ta zo da ita ta fi dokar ƙarfi a aikace.

Akwai wani abu kuma da ya bambanta ajin Arewa da na Ailan, ko da ya ke littafi ɗaya su ke biya. A Ailan duk yaran ajin an yi musu baftisma tun suna jarirai, abin da a ke shirya su dominsa shi ne furta zunubi na farko da karɓar Jikin Almasihu, wanda Paparoma Piyus na Goma ya saukar da shekarunsa zuwa wajen bakwai a 1910. A ƙauyen Arewa kuwa yawancin 'yan ajin 'ya'yan masu addinin gargajiya ne, ba su da baftisma, suna nemanta ne, kuma sai sun yi shekaru suna koyo Fada ya zo ya jarraba su. Saboda haka kwanakin azumi suka zama na tilawa da fargaba: wa zai ci, wa za a ce ya jira baɗi, wane uba ne zai yarda, wane ne zai ce ɗansa ba zai bar dodon gidansu ba. Ba tare da kowa ya shirya ba, rumfar malamin ƙauye ta komo da abin da Egeriya ta gani a Urushalima, watau azumi a matsayin zangon karatun masu neman baftisma. Roma ba ta maido da wannan a rubuce ba sai a babban taron Batikan na Biyu, wanda takardarsa ta 1963 a kan ibada ta ce lokacin yana da fuska biyu, ta baftisma da ta tuba.

Kada a ɗauka abin ba shi da aibi. Haddar tambaya da amsa tana iya cika baki ta bar zuciya wofi, kuma tunanin da a ke sa yara su yi ya fi karkata ga ƙirga laifi da tsoron wuta. Bulala tana kusa da katikizim kamar yadda ta ke kusa da allo a makarantar tsangaya, wanda bai kawo hadda ba ya san abin da zai tarar. A manyan makarantun kwana, irin su Kwalejin St John ta Kaduna da aka buɗe a 1949, da makarantun 'yan mata na su Sista, waɗanda 'yan ƙungiyar St Louis daga cikinsu suka iso Kano a 1948, da Ingilishi a ke yin kome, kuma tsarin ya fi kama da na Ailan sak, har da hutun da a ke samu ran 17 ga Maris. Wannan rana ta Patrik ce, waliyyin Ailan, kullum kuwa a cikin azumi ta ke faɗowa. A 1961 bishop-bishop na Nijeriya suka ɗauke shi waliyyin ƙasar.

Daga nan sauye-sauye suka zo a jere. Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu ya maido da bikin daren Ista a 1951, ya gyara tsarin Mako Mai Tsarki a 1955. Hausa ta shiga cikin Mas bayan taron Batikan, sai Hanyar Gicciye ta daina zama ita kaɗai ce ƙofar da harshen ke shiga. A 1966 Paparoma Bulus na Shida ya rage azumin dole ya koma yini biyu kawai, Larabar Toka da Jumma'ar da a ke tuna mutuwar Yesu, ya kuma ɗaga shekarun barin nama daga bakwai zuwa goma sha huɗu. Da wannan ɗan firamare ya fita daga ƙarƙashin dokar gaba ɗaya, aka bar wa iyaye da malamai su koya masa ma'anar tuba yadda su ka ga ya dace. A wannan shekara kuma tarzomar da aka yi a Arewa ta kori 'yan Gabas, makarantun Sabon Gari suka rasa malamai da ɗalibai masu yawa.

Babban sauyin ya zo a 1972. A shekarar ce Roma ta fitar da sabon tsarin shigar da manya cikin addinin, wanda ya ɗora matakansa na ƙarshe a kan Lahadin azumi, kamar yadda a ke yi a zamanin Siril. A shekarar ce kuma gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, Kwalejin St John ta zama Kwalejin Rimi, ta 'yan mata da ke Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Shirin ilimin firamare na kowa da kowa da aka soma a 1976 ya ƙarasa raba malamin aji da katikis, suka zama mutum biyu, ɗaya na gwamnati ɗaya na Ikilisiya. Addu'ar yara ta kwanakin azumi ta tashi daga filin makaranta ta koma harabar coci da yamma, da ajin katikizim na Asabar da Lahadi, sai fa a makarantun da Ikilisiya ta riƙe ko ta sake ginawa daga baya da kuɗinta.

Shendam ta sami bishop nata a 2007, shekara ɗari bayan saukar mutum ukun nan. Lissafin wata da na rana kuwa sukan sake haɗa azumin biyu bayan kamar shekara talatin da uku. A 2025 Ramalan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta zo ran 5 ga watan. A shekarar gwamnatocin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu saboda Ramalan, bishop-bishop na Katolika suka fitar da takardar rashin amincewa, yaran Katolika na jihohin nan kuwa suka yi yawancin kwanakinsu arba'in a gida.